Sabis ya cika amma saƙo ya ƙi tafiya: Abin da alamomin waya ke nufi ga mutanen Tirmini da ƴan uwansu na ci-rani

Da zarar an idar da sallar Magariba a Tirmini, garin da ke bakin babbar hanyar RN1 yamma da birnin Damagaram, lokacin jin muryar na nesa ya yi. Mai ɗa a Libiya ko Aljeriya, da mai miji a Kano ko Legas, a wannan lokaci ne suka fi sa ran kira ko saƙon murya ta WhatsApp, domin a sa'ar ne na can ya tashi daga aiki.

Sai dai sau da yawa wayar kan nuna sanduna huɗu cif, amma saƙon ya tsaya da ƴar alamar agogo a gefensa. Kiran bidiyo ya shiga, fuska ta daskare, murya ta yanke. Na gida ya ce "babu rezo", na waje kuma ya fara zargin an ƙi ɗaga wayarsa ne da gangan.

Abin bai tsaya ga ɓacin rai ba. Ta wannan layi ne ake sanar da rasuwa da haihuwa, ta nan ake turo lambar karɓar kuɗin da aka aiko ta kamfanoni irin su Nita da Al Izza da Amana, ta nan kuma ɗan kasuwa ke jin farashin gero da wake kafin ya ɗora buhu a mota. Idan sabis ya gaza, data ta ƙone a banza. Idan aka shiga Wi-Fi marar tsaro, asara na iya wuce ta data.

Kalmar "babu rezo" ta dunƙule tambayoyi uku ne wuri guda. Shin wayar ta haɗu da ƙarfen sabis ko na'urar Wi-Fi? Idan ta haɗu, hanyar da ke bayan wannan na'ura zuwa intanet tana aiki? Sannan wa ke iya leƙen abin da ke wucewa? Sandunan da ke saman waya tambaya ta farko kaɗai suke amsawa. Amsoshin sauran biyun suna cikin wayar, amma a wasu wurare da mutane da dama ba su taɓa buɗewa ba.

Doguwar hanyar da saƙo ke bi

Tarihi ya san Tirmini da yaƙin da aka gwabza a ƙarshen watan Yulin 1899, inda sojojin Faransa suka rinjayi dakarun Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga, suka shiga Zinder. A yau gari ne mai matsayin ƙaramar hukuma a gundumar Takieta ta jihar Damagaram, kuma kamar sauran garuruwan yankin, matasansa da dama kan fita neman na kai da zarar an gama girbi.

Kamfanoni huɗu ne ke ba da layin waya a Nijar: Airtel, da Moov Africa, da Zamani wanda ya gaji Orange Niger bayan sayar da shi a 2019, sai Niger Telecom na gwamnati da aka kafa a 2016 ta hanyar haɗe Sonitel da SahelCom. Hukumar ARCEP ce ke sa musu ido, kuma ta taɓa cin tararsu kan rashin ingancin sabis.

Saƙon muryar da aka tura daga Tirmini kan fara tashi ne daga waya zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan ya bi wayar fiba ko eriyar da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe zuwa cibiyar kamfanin. Tun da Nijar ba ta da gaɓar teku, dole ya ratsa ƙasashe maƙwabta kafin ya kai ga manyan wayoyin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku. Daga can ne zai isa rumbun WhatsApp, sannan ya sauka a wayar wanda aka aika wa.

Ko'ina a wannan hanya ana iya samun cikas, amma sandunan waya zangon farko kawai suke gani. An shaida hakan a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Nijar, alhali ƙarafan sabis na tsaye ƙalau, sanduna kuma a cike. Haka aka gani a ƙarshen Fabrairun 2021, sa'adda aka katse intanet na wayar hannu a ƙasar na kusan kwana 10 bayan zaɓen shugaban ƙasa.

WhatsApp da kansa yana taimakawa wajen gane inda matsalar take. Alamar agogo na nufin saƙon bai bar wayar mai turawa ba, don haka cikas ɗin a ɓangarensa yake. Alamar maki ɗaya na nufin saƙon ya fita, amma wayar wanda aka aika wa ba ta kan intanet. Maki biyu na nufin ya sauka a wayarsa. Wannan ɗan bambanci kaɗai ya isa ya kashe zargi da yawa tsakanin na gida da na ci-rani.

Haruffan da ke kusa da sanduna

A gefen sandunan akwai harafi ko lamba da ke nuna irin fasahar da wayar ta kama. Wannan alama ta fi sandunan faɗin gaskiya game da saurin da za a samu.

G da E duka na tsohuwar fasahar 2G ne. Suna iya ɗaukar kira na yau da kullum da saƙon rubutu, saƙon murya ma kan lallaɓa ya tafi idan an yi haƙuri, amma kiran bidiyo ya fi ƙarfinsu. 3G da H da H+ zuriya ɗaya ce, H+ ne mafi sauri a cikinsu. 4G da LTE abu ɗaya ne, kuma a nan ne bidiyo ke tafiya yadda ake so.

Saboda haka, sanduna biyu da 4G sun fi sanduna huɗu da E amfani ga mai son intanet. Wayar da ta maƙale a E kuwa, sau da yawa kunna yanayin jirgin sama na ɗan lokaci a kashe kan sa ta sake neman ƙarfe, ta kama abin da ya fi.

Wasu matasa kan shiga saiti su kulle wayarsu a 4G zalla don kada ta riƙa sauka. Dabarar kan yi aiki wajen data, amma tana da illa: a layin da ba ya ɗaukar kiran murya ta 4G, kiran da aka yi wa mutum ba zai shigo ba, sai a riƙa ce wa masu nemansa wayar a kashe take. Barin wayar ta zaɓa da kanta ya fi kwanciyar hankali.

Akwai kuma harafin R, wanda ke nuna wayar ta hau sabis na kamfanin wata ƙasa. Matafiya zuwa Kano ta Magarya ko ta Matameye ya kamata su lura da shi tun kafin su tsallaka, domin a garuruwan bakin iyaka waya kan kama sabis na ƙetare, kuma kuɗin data a wannan yanayi ya bambanta da na gida.

Lambar da ta fi sanduna gaskiya

Babu wata doka ta duniya da ta ce ƙarfin sigina kaza shi ne sanda kaza. Kowane kamfanin waya da nasa lissafin. Ana iya ajiye Tecno da Samsung a kan tabarma ɗaya, da layin kamfani ɗaya, wannan ta nuna huɗu waccan ta nuna biyu. A watan Yulin 2010 kamfanin Apple ya fito fili ya amsa cewa lissafin da yake amfani da shi a wayoyin iPhone kuskure ne, har yakan nuna sanduna huɗu a inda ya kamata a ga biyu.

Ma'aunin gaskiya shi ne wanda ake kira dBm. A wayoyin Android ana samunsa a cikin saiti, a sashen bayanin waya, ƙarƙashin halin da layin SIM ke ciki. A wayar da aka saita da Faransanci, a shiga Paramètres, sai À propos du téléphone, sannan a nemi État de la carte SIM. Jerin kan ɗan sauya daga waya zuwa waya.

Lambar tana zuwa da alamar ragi a gabanta, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau. A 4G, -80 ko abin da ya fi kusa da sifili sigina ne mai ƙarfi sosai. Daga -80 zuwa -90 yana da kyau. Zuwa -100 ana iya aiki. Idan aka kai -110 an shiga wahala, a -120 kuwa ana gab da rasa sabis ɗin baki ɗaya.

Tazarar lambobin ta fi yadda ido ke gani. Duk raguwar 3 na nufin ƙarfin ya ragu da rabi, raguwar 10 kuma ya ragu sau goma. Wanda ke samun -105 a cikin ɗaki, ya fito tsakar gida ya samu -85, ƙarfin siginarsa ya ninku sau 100 a taku kaɗan.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san ginin yankin. Rufin kwano na mayar da sigina baya, katangar ƙasa mai kauri na shanye shi, tudu da manyan itatuwa na tare shi. Da wannan lamba mutum zai iya zagaya gidansa sau ɗaya ya gano kusurwar da ta fi, ya riƙa karɓar kira a can, ko ya rataye ƴar na'urar Wi-Fi ta aljihu a wurin. Ya fi ɗaga waya sama ana juyawa a kan sa'a.

Ƙarfi daban, inganci daban

Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Sigina na iya zama da ƙarfi amma intanet ya ƙi motsi, kuma abu uku ne suka fi jawo haka.

Na farko cunkoso. Kowane ƙarfen sabis yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa rabawa suke yi. Ranar kasuwa, ko ranar sallah, ko bayan Isha'i lokacin da kowa ya buɗe TikTok da Facebook, rabon kowa kan ragu. Abin da ya ƙi sauka da ƙarfe 9 na dare yakan sauka cikin sauƙi bayan Asuba.

Na biyu wutar lantarki. Ƙarfen sabis na rayuwa ne da wutar NIGELEC, ko janareta, ko hasken rana da batura. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, aka shiga ɗauke wuta na sa'o'i a Yamai da Maraɗi da Damagaram. A irin wannan hali, ƙarfen da man janaretansa ya ƙare kan mutu, wayoyi su koma kan wani ƙarfe mai nisa, sigina ya faɗi, cunkoso kuma ya ƙaru.

Na uku yana cikin wayar kanta: data ta ƙare ko wa'adinta ya cika, ko an kashe ta a saiti, ko wayar mai layi biyu tana neman intanet ta layin da babu komai a cikinsa.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce tambayar maƙwabci mai layin kamfani ɗaya. Idan nasa na aiki, a duba waya da ragowar data. Idan shi ma ya tsaya, a gwada layin wani kamfani. Idan duka sun tsaya, matsalar ta fi ƙarfin gari, sayen sabuwar data a lokacin asara ce. Manhajojin gwada sauri suna da amfani, amma kowane gwaji na cin mega masu yawa, don haka ba abin maimaitawa ba ne ga mai ƙaramin kati.

Idan sabis ya yi rauni, kiran murya ya fi bidiyo tsira, domin bidiyo na cin data ninkin na murya sau da dama. WhatsApp na da saitin rage cin data a lokacin kira, a sashen ajiya da data.

Wi-Fi na haya da zuwan Starlink

A birane da garuruwan Afirka ta Yamma, sana'ar da ake kira "wifi zone" ta yaɗu: mutum ya ɗauko intanet, ya kafa eriya a kan rufi, ya riƙa sayar da tikiti na awa ko na yini. Zuwan Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ya ƙara wa sana'ar ƙarfi. Ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, a Nijar kuma a Maris 2025 bayan yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da kamfanin a 2024.

Taurarinsa na shawagi ne a nisan kusan kilomita 550 daga ƙasa, saɓanin tsofaffin taurarin sadarwa da ke nisan kusan kilomita 36,000, shi ya sa jinkirin murya ke da ƙaranci. Amma farantinsa na buƙatar sarari a buɗe. Reshen dogon yaro ko katangar bene kan jawo yankewa, ruwan sama mai ƙarfi ma kan rage shi na ɗan lokaci.

A Wi-Fi ma, alamar da ke saman waya tana nuna ƙarfin haɗuwa ne tsakanin wayar da na'urar rarrabawa, wadda ake kira rauta. Lambar saurin da ake gani a bayanin Wi-Fi, kamar 72 Mbps, ta wannan ɗan zango ce. Idan mai wurin yana da mega 100 a daƙiƙa, mutum 50 suka hau a lokaci guda suna kallon bidiyo, rabon kowa bai wuce 2 ba, komai cikar alamar.

Saƙonnin da wayar ke rubutawa a ƙarƙashin sunan Wi-Fi suna da ma'ana. Idan ta ce an haɗu amma babu intanet, ko ta nuna alamar motsin rai a kan alamar Wi-Fi, to rauta na aiki, abin da ke ciyar da ita ne ya yanke, ko kuma ba a shigar da lambar tikiti ba. Idan ta tsaya a neman adireshin IP, rautar ta cika ko tana buƙatar a kashe a kunna. Idan ta ce an samu matsalar tantancewa, kalmar sirri ce ba daidai ba, ko an sauya ta.

Ma'aunin dBm na Wi-Fi ya bambanta da na 4G. Daga -30 zuwa -50 mutum na kusa da rauta sosai. Masu girka na'urori kan ɗauki -67 a matsayin iyakar da kiran murya da bidiyo ke tafiya lafiya. A -80 sai wahala.

Rauta da yawa na watsa sigina a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa katanga, amma ya fi cunkoso, domin tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11. Na 5 ya fi sauri amma ba ya nisa. Wasu rautoci kan saka "5G" a ƙarshen sunan wannan zango, abin da ke sa mutane su ɗauka fasahar 5G ta wayar salula ce, alhali babu dangantaka tsakaninsu.

Ɗan kwaɗon da ke gefen suna

A jerin sunayen Wi-Fi, wasu na da alamar kwaɗo, wasu babu. Wanda babu kwaɗo a buɗe yake: abin da ke tashi daga waya zuwa rauta ba a lulluɓe yake ba, kuma mai kwamfuta da ɗan ilimi a kusa zai iya kama shi. Mafi yawan Wi-Fi na haya haka suke. Shafin da ke buɗewa ya nemi lambar tikiti ƙofar karɓar kuɗi ce kawai, ba ya lulluɓe komai.

Masu kwaɗon ma ba ɗaya suke ba. Idan aka taɓa sunan, wayar za ta nuna nau'in tsaron. WEP shi ne mafi tsufa, ya fito a 1997, masana suka nuna yadda ake fasa shi tun 2001, kuma a yau aikin mintuna ne. WPA ya zo a 2003 a matsayin faci na wucin gadi. WPA2 ya biyo baya a 2004, kuma shi ne aka fi samu har yanzu. WPA3 na 2018 shi ne sabo.

WPA2 ma ya taɓa samun tangarɗa. A 2017 wani mai bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya bankaɗo wata ɓaraka da aka sa wa suna KRACK. An toshe ta ne ta hanyar sabunta manhajar wayoyi da na'urori, wanda ke nuna amfanin karɓar sabuntawar da waya ke nema, ko da za a jira sai an samu Wi-Fi mai yalwa.

Me mai Wi-Fi ke iya gani?

Akwai tsoron da ya wuce gona da iri, akwai kuma sakacin da ya wuce gona da iri. Tun Afrilun 2016 saƙonni da kiran WhatsApp a lulluɓe suke daga waya zuwa waya, don haka mai Wi-Fi ba ya iya sauraron saƙon murya ko ganin hoton da aka tura. Shafukan da adireshinsu ya fara da https ma ba ya ganin abin da aka rubuta a cikinsu. Abin da zai iya gani shi ne wace waya ce ta hau, da yaushe, da yawan datar da ta ci, da kuma sunayen shafukan da ta ziyarta a mafi yawan lokuta.

Babban haɗarin yana wajen yaudara. Ɗan damfara na iya kafa Wi-Fi mai suna iri ɗaya da wanda aka saba hawa a tasha ko bakin kasuwa. Wayar da ta taɓa hawa na gaskiyar za ta iya hawa na bogin da kanta, musamman idan a buɗe yake. Daga nan sai a nuna wa mutum shafi mai kama da na Facebook ko na kamfanin kuɗi, a ce ya saka lambar sirrinsa kafin ya samu intanet kyauta.

Wi-Fi na gaskiya lambar tikiti yake nema. Duk wanda ya nemi kalmar sirrin Facebook, ko lambar sirrin Airtel Money ko Moov Money, ko lambobi 6 da WhatsApp ke turowa ta saƙon waya, tarko ne. Da waɗannan lambobi 6 ake ƙwace WhatsApp na mutum, sannan a bi ƴan uwansa na ci-rani da saƙon cewa an kwantar da wani a asibiti, a turo kuɗi da gaggawa. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp, wanda ke ƙara wata lambar sirri da mai wayar kaɗai ya sani, yana toshe wannan ƙofa.

Haka kuma idan burauza ta yi gargaɗin cewa shafi ba amintacce ba ne, a dakata. Harkar kuɗi ta fi dacewa da datar layin mutum. Bayan an gama da Wi-Fi na haya, a kashe haɗuwa ta kai tsaye ko a sa wayar ta manta da shi. Wannan ya shafi na ci-rani ma, waɗanda ke hawa Wi-Fi na kyauta a tashoshin mota da filayen jirgi da shagunan shayi.

Aikin da ke kan mai rauta

Ƴan ci-rani da dama kan aiko wa gida da ƴar na'urar Wi-Fi ko su biya kuɗin data duk wata. Idan datar ta riƙa ƙarewa kafin lokaci, akan ɗora laifin a kan kamfani ko yaran gida, alhali wani lokacin rabin unguwa ne ke kai.

Kowace rauta na da kalmomin sirri biyu. Ɗaya ta hawa Wi-Fi, ɗaya ta shiga shafin sarrafa na'urar, wanda ake buɗewa ta rubuta adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1 a burauza. Adireshin kan kasance a rubuce a bayan na'urar ko ƙarƙashin batirinta. Na'urori da yawa na zuwa da kalmar "admin" a matsayin mabuɗin wannan shafi, kuma duk wanda ya shiga zai iya sauya komai. Ita ya kamata a fara canzawa.

A cikin shafin ne ake zaɓar WPA2 ko WPA3, a kuma ga jerin wayoyin da ke kai a wannan lokaci. Idan gida na da waya 5 amma jerin ya nuna 14, an samu amsar inda data ke tafiya. Kalmar sirrin Wi-Fi na iya kaiwa daga harafi 8 zuwa 63. Lambar wayar maigida, ko 12345678, ko sunan ɗa da shekarar haihuwarsa, su ne abin da mai kutse ke fara gwadawa. Kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, haɗe da lambobi, sun fi wuyar fasawa kuma suna da sauƙin tunawa.

Akwai saitin da ake kira WPS, wanda aka yi don sauƙaƙa haɗuwa da lambobi 8. A ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa gwaji kusan 11,000 sun isa a gano lambar, abin da na'ura ke yi cikin sa'o'i. Manhajojin "fasa Wi-Fi" da matasa ke turawa juna da yawansu wannan ɓaraka suke nema. Kashe WPS na rufe ta.

Wasu manhajojin kuma ba fasawa suke yi ba. Suna tattara kalmomin sirrin da masu amfani da su suka saka ne, su raba wa kowa. A 2019 an gano wata irinsu mai suna WiFi Finder ta bar kalmomin sirri sama da miliyan 2 a buɗe a intanet. Baƙo ɗaya mai irin wannan manhaja ya isa ya fitar da sirrin gida. Wayoyin Android na zamani ma na iya nuna kalmar sirri ta hoton QR ga duk wanda aka ga dama. Maganin shi ne buɗe wa baƙi layinsu daban idan rautar na da wannan dama, da sauya kalmar lokaci zuwa lokaci. Masu kutsen kuma su sani cewa dokar yaƙi da laifukan intanet da Nijar ta kafa a 2019 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba.

Wanda ke raba intanet daga wayarsa ma rauta ce a hannunsa. Ya saka kalmar sirri mai ƙarfi, ya taƙaita yawan wayoyin da za su iya hawa, ya kashe idan an gama.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da zai kafa sabon ƙarfen sabis a Tirmini ko ya hana wuta ɗaukewa. Wannan aikin kamfanoni ne da hukumomi, kuma mai waya na da haƙƙin kai ƙorafi ga kamfaninsa, in bai gamsu ba ya kai ga ARCEP. Ƙorafin da ya zo da sunan unguwa, da lokaci, da harafin da waya ta nuna, da lambar dBm, ya fi "babu rezo" nauyi a gaban injiniya. Ga na ci-rani kuma, mintuna goma na kira ɗaya sun isa a bi ƙane ko ɗa mataki-mataki ya nemo kusurwar gidan da sigina ya fi ƙarfi, ya sauya kalmar sirrin rauta, ya kunna wa iyaye tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp.